A kafa ma'aunin ruwan sama a kowace makaranta kafin damina ta faɗi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman fili a wannan jarida domin mu yi magana da malaman makaranta, da iyaye, da ma'aikatun ilimi, a kan kayan da ake koya wa yara sha'anin yanayi, teku, fari da ambaliya da su.

Ranar 10 ga Satumba 2024 mutanen Maiduguri suka wayi gari cikin ruwa bayan madatsar Alau ta ɓalle, kamar yadda ta taɓa yi musu a 1994. A ƙarshen Mayu 2025 ruwa ya ci mutum fiye da 150 a Mokwa cikin sa'o'i kaɗan. Ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. Amma ka tare ɗalibin ajin ƙarshe na sakandare ka ce masa an yi ruwan milimita 80 a daren jiya, ka tambaye shi ko mai yawa ne ko kaɗan, sai ya yi shiru. Ya haddace zagayen ruwa, yana iya zana maka shi a allo da kibiyoyinsa, sai dai bai taɓa auna ruwan da ya sauka a filin makarantarsu ba ko sau ɗaya. Laifin ba nasa ba ne. Darasin labarin ƙasa ya zama na zaɓi a babbar sakandare, inda ake yinsa ma sau da yawa alli da allo ne kawai.

Ra'ayinmu shi ne, kayan koyon da ya fi komai amfani a wannan fanni bai wuce ma'aunin ruwan sama da littafin rubuta abin da aka auna ba. Intanet da hotunan tauraron ɗan'adam suna zuwa ne a bayansu.

Ga yadda ake haɗa shi. Milimita ɗaya na ruwan sama daidai yake da lita ɗaya a kan fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya. Aikin ma'auni shi ne ya tari ruwa ta bakin da aka san girmansa, ya ajiye shi har a zo a auna. A sami guntun bututun roba irin na masu aikin famfo, mai faɗin baki kamar santimita 10, a yanko tsawon santimita 15. A liƙa mazurari a ƙasansa da gam yadda ba zai yi yoyo ba, a zura bakin mazurarin cikin jarka ko kwalba mai cin aƙalla lita 2. Amfanin bututun shi ne ya yi wa mazurarin katanga, don idan mazurari ne tsirara, manyan ɗigon ruwan farkon damina suna bugunsa su fantsama waje. A auna faɗin bakin daga ciki, sau biyu a gicciye, a ɗauki matsakaici. Idan santimita 10 ne cif, rabinsa 5 ne, girman bakin ya zama 3.14 sau 5 sau 5, wato murabba'in santimita 78.5. Ma'ana kowane mililita 7.85 da aka tarar a kwalba milimita ɗaya ne na ruwan sama, mililita 157 kuma milimita 20. Ana iya auna ruwan da fidar jarirai mai layukan awo a jiki, ragowar a zuƙe da sirinji mai cin mililita 10 ko 20. Wajen auna bakin nan ake yawan tafka kuskure: wanda ya auna daga waje ya rubuta 11 a maimakon 10, girman bakin a lissafinsa zai ƙaru da kashi 21 cikin ɗari, duk awonsa na shekara ya gaza da kusan kashi ɗaya cikin shida, kuma ba zai gane ba.

Wasu malamai sukan yanke robar ruwan sha su kifa samanta a ciki, su manna rula a gefe. Don nuna wa 'yan firamare ma'anar abin, ba laifi. Don ajiye tarihi kuwa ba ta yi, saboda gindinta ba shafaffe ba ne, jikinta da gargada, rana kuma tana lanƙwasa ta cikin makonni.

Inda aka kafa ma'aunin yana da nauyi kamar yadda aka ƙera shi. A nisanta shi daga itace ko gini da aƙalla ninki biyu na tsayinsu. In darbejiyar makaranta ta kai mita 10, to a ja mita 20, in akwai fili a ƙara. Kada a ɗora shi a kan rufi, iska tana da ƙarfi a can, tana kwashe ɗigon ruwa ta tsallakar da su. A tashoshin hukuma da yawa bakin ma'auni yana santimita 30 daga ƙasa, amma a makarantar da awaki ke ratsawa gara a ɗaure shi a turke mai tsayin mita ɗaya, a kewaye da waya, a bar shi a wannan tsayin har abada. A tabbatar bakin a miƙe yake bai karkata ba. A sa kwalbar cikin bokiti ko a naɗe ta da farin buhu don kada zafin rana ya ƙafar da ruwan, a riƙa duba maƙogwaron mazurarin saboda ganye, gizo-gizo da zanzaro suna toshe shi.

Ana karantawa sau ɗaya a rana, lokaci guda, misali ƙarfe 7:30 kafin a shiga aji, kuma abin da aka tarar da safe na jiya ne, a ranar jiya ake rubuta shi. Ranar da aka duba ba a ga ruwa ba a rubuta sifili. Ranar da ba a duba ba a ja layi. Waɗannan biyun ba ɗaya ba ne, kuma cakuɗa su ya ɓata bayanan tashoshi da dama, domin mai karantawa daga baya zai ɗauka fari aka yi alhali mai awo ne bai zo ba.

Babbar matsalar da ke kashe wannan aiki a makarantunmu ita ce dogon hutu. Ana rufe makaranta a ƙarshen Yuli a dawo a Satumba, ga shi Agusta ne watan marka, wanda ya fi kowane wata ruwa a ƙasar Hausa. Littafin da babu Agusta a ciki ba ya ba da jimlar shekara. Don haka tun kafin hutu a ɗora aikin a kan maigadi da ɗalibai biyu ko uku da gidajensu ke kusa, a yi musu jadawali, ko a haɗa kai da makarantar allo ko Islamiyyar unguwa.

Da zarar lambobi sun fara taruwa, darussa sukan fito da kansu. Rufin aji mai mita 7 da mita 9, in aka yi ruwan milimita 50, ya zubar da lita 3,150, wato kusan duro 16 masu cin lita 200. Wannan ruwan a kan hekta ɗaya lita 500,000 ne. Yaron da ya yi wannan lissafi da hannunsa, sannan ya je ya leƙa kwalbatin bakin makaranta ya gan ta cushe da leda da yashi, ya fahimci ambaliyar cikin gari fiye da wanda ya karanta babi guda. Haka kuma batun faɗuwar damina. Masana aikin gona a yankin Sahel suna da ƙa'ida da aka daɗe ana amfani da ita: bayan 1 ga Mayu, damina ta zauna ne idan an tara milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma cikin kwana 30 da suka biyo ba a yi fashin ruwa fiye da kwana 7 ba. Ɗalibai su nemo wannan rana a littafinsu, su kwatanta da ranar da iyayensu suka yi shuka. A nan za su ga dalilin da ruwan farko yakan yaudari manomi, gero ya tsiro ya ƙone, a sake sayen iri.

Ma'aunin zafi shi ma yana da ladabinsa. Zafin iska ake aunawa, don haka a inuwa ake rataye shi, inda iska ke ratsawa, tsakanin mita 1.25 zuwa 2 daga ƙasa. Wanda aka rataye a bangon siminti ko ƙarƙashin kwano zafin bango da kwano yake faɗa. Kafinta zai iya yin ƙaramin akwati mai tsaga-tsaga a gefe, a shafe shi da farin fenti. A lura, a Kano da garuruwan da ke layinta rana tana bi ta arewa daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta, sauran shekara ta bi ta kudu, saboda haka shawarar littattafan Turai cewa ƙofar akwati ta dubi arewa kullum ba ta zauna daidai a nan ba. A yi masa ƙofa biyu. Sanyi ya fi tsanani dab da fitowar rana, zafi kuma wajen ƙarfe 2 zuwa 3 na rana.

Akwai gwaji ɗaya da muke so kowane malami ya yi, don shi ne ke haɗa yaron Katsina ko Damagaram da tekun da bai taɓa gani ba. A sami gwangwani mai sheƙi a zuba ruwa rabi, a riƙa jefa ƙananan gutsattsarin ƙanƙara ana juyawa da ma'aunin zafi, ana kallon jikin gwangwanin ba tare da an huro masa numfashi ba. Da zarar ya fara gumi a karanta ma'aunin. Wannan lambar ita ce matakin da raɓa ke sauka, kuma ita ke nuna yawan laimar da ke cikin iska. A watan Janairu ruwan zai yi sanyi ƙarara kafin gwangwanin ya yi gumi, wani lokaci ma ya ƙi. A Agusta tun yana wajen digiri 21 ko 22 zai jiƙe. In ana yin gwajin kowane mako daga Maris, za a ga makon da lambar ta haura digiri 15, kuma a daidai lokacin tutar makaranta za ta nuna iska ta juya, ta bar arewa maso gabas ta koma kudu maso yamma. Masana suna amfani da wannan digiri 15 wajen shata iyakar da busasshiyar iskar Sahara ke karo da iska mai laima daga tekun Atilantika. Iyakar tana kusa da gaɓar teku a Janairu, ta yi ta hawa arewa har ta wuce Agadas a Agusta, sannan ta juyo. Ruwa mai ƙarfi yana biyo ta a baya da tazarar ɗaruruwan kilomita, shi ya sa ake shan gumin bazara makonni kafin a ga ruwa. Yawancin ruwan da ke sauka a gonakinmu daga tekun nan ya taso.

Me ke jawo iskar tekun zuwa tudu? A cika tasa ɗaya da yashi, ɗaya da ruwa, zurfin santimita 5 kowacce, a ajiye a rana sa'a biyu, a auna zafinsu a santimita ɗaya daga sama. Yashi zai yi wa ruwa nisa. Haka Sahara ke yin zafi fiye da teku, iskar kanta ta yi sama, ta teku ta kwararo ta cike gurbin. Daga nan malami zai iya bayyana cewa sauyin zafin ruwan tekuna yana cikin manyan dalilan farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984, kuma shekarun da gabashin tekun Fasifik ya ɗumama, abin da ake kira El Nino, sau da yawa damina takan yi rauni a Sahel. Yaro zai tambaya: in laima daga kudu take zuwa, don me hadari ke tasowa daga gabas? Tambaya ce mai kyau. A sama, wajen kilomita 3 zuwa 4, akwai iska mai ƙarfi da ke gudu daga gabas zuwa yamma, ita ke tura hadarin. Wasu daga cikin tarin hadarin da ke ratsa mu duk kwana uku zuwa biyar sukan fita teku ta wajen Senegal su rikiɗe su zama mahaukaciyar guguwar da ke afka wa Amurka. Ƙurar hunturu kuma, wadda mai yawanta ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, tana tsallake Atilantika har dajin Amazon.

Sai batun abin da ake samu a rubuce da kuma a waya. Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da ranakun da ake sa ran faɗuwar ruwa da ɗaukewarsa, kuma ana fassara taƙaitaccensa da Hausa. NIHSA, hukumar da ke lura da koguna da ruwayen Najeriya, tana fitar da hasashen wuraren da ambaliya ka iya shafa. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET da ta ACMAD masu yi wa yankin gaba ɗaya wannan aiki. Ya kamata a buga shafin da ya shafi ƙaramar hukumar da makaranta take, a manna a bangon aji, a ƙarshen damina ɗalibai su gwada shi da littafinsu. A koya musu kuma cewa hasashe ƙiyasi ne daga alamu, ba da'awar sanin gaibu ba, kamar yadda manomi ke ganin shamuwa ta iso ko gawo ya fara zubar da ganye ya ce ruwa ya kusa. In an ce yiwuwar ruwa kashi 70 ce, ana nufin cikin kwana goma masu irin wannan alamu, a bakwai akan yi ruwa. Ranar da ba a yi ba, ba ƙarya aka yi ba. Lissafin taurarin damina da dattawa ke riƙe da shi, su Zira'a da Nasara da Ɗarfa masu kwana sha uku-uku, shi ma a rubuta shi a gefen littafin, a ga inda ya dace da awo da inda ya saɓa.

Wayar malami ɗaya ta isa aji. Shafin Windy yana nuna tafiyar iska da hadari a kan taswira, NASA Worldview kuma yana ba da hoton duniya na kowace rana kyauta, inda za a ga ƙurar Bodele ta miƙe fara sol. Hukumomin yanayi na Amurka da Ingila suna da darussa masu kyau, amma a yi musu gyara kafin a kai aji. Na Amurka da inci suke auna ruwa, inci ɗaya milimita 25.4 ne, zafinsu kuma a ma'aunin Faranhait yake, sai an cire 32, a ninka da 5, a raba da 9. Lokutan shekararsu huɗu ba su ne damina, kaka, hunturu da bazara ba, kada a tilasta musu dacewa. A yi hattara kuma da maganar da ake yawan maimaitawa cewa Tafkin Chadi yana dab da ɓacewa. Gaskiya ne ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari zuwa tsakiyar shekarun 1980, amma tun daga nan ya ɗan farfaɗo, yana cika yana ja gwargwadon damina. Jerin hotunan Google Earth daga 1984 ya fara, lokacin da tafkin ya riga ya ragu, don haka wanda ya dogara da su kaɗai ba zai ga raguwar ba.

Darasin bala'i kuwa da ƙafa ake yinsa. Ɗalibai su zaga unguwa da takarda, su tambayi dattawa inda ruwa ya taɓa kaiwa da shekarar da ya kai, su nemi tabonsa a bango, su sa alamar kududdufan da aka cike aka yi gini, da magudanan da suka toshe, da tudun da za a gudu a fake, da hanyar zuwa can wadda ba ta ratsa kwari ba. Yaran bakin Binuwai su san cewa in an saki ruwa daga madatsar Lagdo a Kamaru, ambaliya tana iya isowa Yola, Makurdi da Lokoja bayan kwanaki, sama tana garau babu ko gajimare. Na Haɗeja su san alaƙarsu da madatsun Tiga da Challawa, da yadda ciyawar kacala ke toshe hanyar ruwa. Akwai kuma lambobin da ya kamata kowa ya haddace kamar lambar wayar gida. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babba. Santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota. In an ga walƙiya a ƙirga daƙiƙu har a ji tsawa, kowane uku kilomita ɗaya ne. In bai kai daƙiƙa 30 ba a shiga gini, a bar gindin itace da filin ƙwallo, kada a fito sai an yi minti 30 da tsawar ƙarshe. Bayan kwana biyu ko uku ana marka, a duba gindin bangon ƙasa, in ya jiƙe ya fara tsagewa kada a kwana a ɗakin, domin rushewar gini na cikin abin da ya fi kashe mutane a daminarmu. Rijiyar da ambaliya ta shiga, sai an tafasa ruwanta ya yi minti guda yana tafarfasa kafin a sha, saboda amai da gudawa.

Wannan ilimi yana ceton rai. Ranar 26 ga Disamba 2004, a gaɓar tekun Phuket ta ƙasar Tailan, wata yarinya 'yar Ingila mai shekara 10 ta ga ruwan teku yana kumfa yana wani irin motsi, ta tuna darasin igiyar tsunami da aka yi musu makonni biyu kafin nan, ta matsa wa iyayenta har aka kwashe mutanen wurin kafin igiyar ta iso.

Roƙonmu ga NiMet shi ne ta buɗe wa makarantu tsoffin bayanan ruwan sama na garuruwansu, waɗanda wasunsu sun faro tun farkon ƙarni na 20, ta kuma riƙa karɓar ɗalibai a tashoshinta na filayen jirgin sama. Da awon shekara 30 ake gane yanayin wuri na dindindin, awon damina ɗaya labarin shekara ɗaya ne kawai, kuma ɗalibi ba zai rarrabe biyun ba sai ya ɗora nasa a kan na da. Ku kuma a wannan jarida, muna roƙon ku ware ɗan gurbi kowane mako daga Mayu zuwa Oktoba, ku riƙa buga jimlar ruwan da makarantu suka aiko, da sunan gari da na makaranta. Shugabannin makarantu su sa a haɗa ma'aunin a watan Maris, a gwada shi da ruwan buta a tabbatar ba ya yoyo, a rarraba jadawalin masu karantawa har da na dogon hutu, ya zamana yana kan turkensa kafin ƙarshen Afrilu.

Wassalam.

Daga wasu malaman labarin ƙasa da kimiyya, Kano.